Uwar Akwatin Angama

Mijin Antina ba ya cewa "to". Kome ka roƙe shi, ko ka tambaye shi, ko ma ka yi zancen a gabansa ba da shi kake ba, amsarsa ɗaya ce: an gama. Famfo na ɗiga, an gama. Fanka ta tsaya, an gama. Famfon yana nan yana ɗiga har yau, amma sunan ya bi shi, har Anti da kanta in ta manta Angama take ce masa. Ni kuwa da yake auta ce a gidanmu, kuma mijin yayata ne, ina da lasisin faɗa masa a kan idonsa.

Ya yi wani kwas na rubuta manhajar kwamfuta, ya sa takardar shaidar a firam ya rataye a falo. Aiki dai bai samu ba. A cewarsa ba a buɗe kamfanin da ya isa ya ɗauke shi ba tukuna.

Yayanmu babba yana da shagon wanki da guga. Ni nake zama a teburin gaba ina karɓar kaya, Baba Mai Guga kuma yana ciki da dutsen gugarsa da bakinsa da ba ya hutawa. A bayan shagon akwai ɗan sito da Yaya ya daɗe yana tanadi don injin busar da kaya na biyu, saboda ɗayan da muke da shi ya tsufa, sai an lallaɓa shi yake juyawa. Wannan siton Anti ta zo ta yi ta roƙon Yaya ya ba mijinta, ya zauna ya rubuta mana manhajar da za ta riƙa kula da kayan mutane. Yaya ba mai yawan magana ba ne. Ya ce ya ba shi, amma da sharaɗi: akwai manajar wani otal da ke tunanin ba mu wankin zannuwan gadonsu, za ta zo ta ga yadda muke aiki. In manhajar ta burge ta, sito ya zama na Angama. In ba ta burge ta ba, inji ya shiga, shi ya fita. Anti ta ce ta tsaya masa. Na kalli fuskarta lokacin, na san ta gaji da ganin mijinta a falo da rana tsaka yana kwance da rimot a hannu, da lafiyarsa ƙalau.

Washegari ya zo da tebur da kwamfuta da wani kwali da ya rubuta HEDKWATA a jiki, ya manna a ƙofar siton. Sannan ya tara mu don ya yi mana bayani. Ya buɗe jaka ya fito da kwanonin Anti, saitin nan da ke shiga cikin juna, babba ya haɗiye mai bi masa har zuwa ɗan ƙaramin na gishiri, ya jera su a kan teburin guga.

Ya ce masu rubuta manhaja na yanzu malalata ne kuma wahalallu a lokaci guda. Kowace taga da za ta bayyana a fuskar kwamfuta sai sun zauna sun gina ta daban, ta mai kaya daban, ta riga daban, ta wando daban. Shi akwati ɗaya tak zai gina. Zai yi mata baki mai kyau, da wurin rubuta suna a sama, da maɓallin rufewa, sai ya bar rami a tsakiya. Kome kake so sai ka saka a ramin nan, har da wata akwatin irinta. Mai kaya akwati ne, a cikinsa jakarsa akwati, a cikin jaka riga akwati. Kuma in ya gyara abu ɗaya a jikin ta asalin, duk sauran sun gyaru a take. Ya sa mata suna Uwar Akwati.

Gaskiya tunanin bai yi mini muni ba, har na gyaɗa kai. Baba Mai Guga ne ya tambaya ko kwanonin ma a cikin aikin suke, domin Anti ta bugo waya tun ɗazu tana neman abin da za ta zuba abinci.

"An gama," in ji Angama, ya mayar da kwanonin cikin jakarsa bai kai su gida ba.

Ranar da aka ɗora mini manhajar a teburin gaba, abin da na fara gani shi ne fuskarsa. Ya sa hotonsa a kusurwar Uwar Akwati, yana murmushi da hannu a haɓa, ya ce duk kamfanin da ya san kansa yana da tambari. To tunda a jikin uwa yake, kowace 'ya ta fito da shi. Na buɗe mai kaya, ga Angama. Na buɗe jaka, ga wani ƙaramin Angama a ciki. Na buɗe riga, ga jikansa.

Kuma bai tsaya a riga ba. Ya ce riga tana da aljihu, aljihu ma akwati ne, abin da aka manta a aljihu shi ma akwati ne. Kowace akwati tana cin nata bakin da nata wurin suna da nata hoton, don haka kafin in kai inda zan rubuta abin da ya sami rigar, ramin ya koma kamar farcen ɗan yatsa. Wata mata ta kawo rigar mijinta da tabon man mota a hannu. Na rubuta duka, abin da ya fito a allo harafi biyu ne. Matar ta leƙo ta ga fuskoki sun yi layi suna shiga cikin juna suna mata murmushi, ta tambaye ni ko ɓata ya yi ake cigiyarsa.

Na kira shi. Ya zo ya duba, ya ce manhaja lafiyarta lau, allona ne ƙarami, irin na masu ƙaramin buri. Da rana sai ga shi da talabijin ɗin falonsu a ka. Ya kafa mini ita a tebur, ta tare ni gaba ɗaya, masu kawo kaya sai sun zagayo gefe su tabbatar akwai mutum. Harafin ya ƙaru zuwa biyar. Fuskarsa ta waje kuwa ta kai girman ta gaske. Anti ta bugo tana tambaya ko ɓarayi sun shiga gidanta ne, na ce a'a, ci gaba ne ya shiga.

Bayan 'yan kwanaki hannuna ya goce na danna maɓallin rufewa, duk abin da na rubuta na wani mai kaya ya tafi. Na faɗa masa cikin fushi. Sai na ga ya yi farin ciki kamar albishir na yi masa. Ya ce yanzu zan ga amfanin Uwar Akwati: layi ɗaya zai ƙara a jikinta, duk 'ya'yanta su koyi hankali. Ya shiga Hedkwata, kafin shayina ya huce ya fito yana karkaɗe hannu. Daga yanzu duk akwatin da za a rufe sai ta tambaya: Ka tabbata?

Na farkon da ya ɗanɗana wani direban tasi ne da ya bar fasinja a mota ya shigo karɓar kayansa. Jakarsa cike take da riguna da wanduna. Na danna rufewa, jaka ta tambaye ni ko na tabbata, na ce e. Riga ta tambaya. Aljihun rigar na dama ya tambaya, na hagu ma bai yarda a bar shi a baya ba. Wando ya zo da aljihunsa huɗu. Ina dannawa, direba yana kaɗa makulli, fasinja yana danna masa hon daga waje, layi ya taru har bakin titi. Da na iso kan safa, kowace ƙafa da tata tambayar, direban ya kwashi kayansa ya ce shi dai ya tabbata, in mu ba mu tabbata ba mu nemi likita.

Daga ranar shagon ya kamu. In na ce zan je cin abinci, Baba Mai Guga ya ɗago kai ya ce, "Kin tabbata, 'yar nan?" In na ce e, ya ce cikinki fa, shi ma ya tabbata? Mai askin da ke maƙwabtaka da mu ya ɗauka, ya fara tambayar masu zama a kujerarsa kafin ya sa aska. Angama ya ji ana ta maimaita kalmarsa a layin, ya ce mini ka ga alamar manhaja ta shiga zuciyar jama'a ke nan.

Sai maganar sitaci. Mai askin nan mu muke wanke masa tawul-tawul ɗin shagonsa. Ran nan ya haɗo da farar rigarsa ta zuwa ɗaurin aure, ya ce a sa mata sitaci sosai, ita kaɗai. Na nemi inda zan danna sitaci a akwatin rigar, ramin ya yi ƙanƙanta ban same shi ba, sai na danna a akwatin jakar. Ban san Angama ya tsara cewa duk abin da uwa ta ɗauka, 'ya'yan da ke cikinta sun gada ba. Firinta ta fitar da 'yar takarda ga kowane kaya, kowacce ta ce sitaci sosai. Baba Mai Guga ya karanta, ya san sarai ba a sa wa tawul sitaci, amma tun ranar da Angama ya ce masa zamanin aiki da ka ya wuce, yake jiran irin wannan rana. Ya zuba sitaci bai yi rowa ba.

Washegari da hantsi sai ga mai aski ya shigo riƙe da tawul a tsaye kamar allon talla. Ya ajiye shi a ƙasa, tawul ɗin ya tsaya da ƙafarsa. Ya ce ya naɗa wa wani dattijo ɗaya a wuya, dattijon ya zaci za a yanka shi ne. Ya fito da singiletinsa da hankici, ya ƙwanƙwasa su a tebur muka ji ƙara. Angama ya fito yana bayanin cewa wannan ba kuskure ba ne, gado ne, kuma a manyan ƙasashe kuɗi ake biya a sami irinsa.

"To ni na yafe gadon," in ji mai aski. "A mayar mini da tawul marayu."

Yaya yana tsaye a gefe. Ya ɗauki igiyar awo ya shiga siton, ya auna bango daga wannan kusurwa zuwa waccan, ta saman kan Angama, ya fita. Angama ya bi shi da kallo. A ranar na ji tausayinsa, don duk cika bakinsa ya san abin da awon nan yake nufi, kuma ya san wadda za ta fi shi jin kunya.

Na same shi na ce, mijin Anti, ka cire hoton nan, ka rage bakin akwatunan, ka kashe tambayar nan, ka bar aljihu ya zauna a matsayinsa na aljihu. Manhajar za ta yi aiki. Ya dube ni da tausayi ya ce, "Auta, ke mai amfani ce kawai. Mu masu gini muna hango nesa." Maimakon ya rage, ƙari ya yi. Ya ɗauki muryarsa yana cewa "Barka da zuwa, an gama," ya saka a jikin Uwar Akwati don ta riƙa gaisuwa duk lokacin da aka buɗe ta. Ya aro sifika babba. Ya kuma sa Yaya ya sayi batirin ko-ta-kwana, ya ce ko an ɗauke wuta a duniya gaba ɗaya, manhajarsa ba za ta ƙifta ido ba.

Ranar zuwan manaja an share shago an fesa turare. Anti ta zo da kwalliyarta ta zauna a gefe tana murza yatsu. Angama ya sa kwat a wannan zafin. Mai aski ya jingina a bakin ƙofa da wasu masu jiran aski, wai iska suke sha.

Manajar mace ce mai natsuwa, da tabarau a kan hanci da ƙaramar jaka a hannu. Angama bai bari Yaya ya gama gaishe ta ba ya karɓe zancen. Ya buɗe akwatin farko, sifika ta ce barka da zuwa, an gama. Manaja ta ɗan ja baya, ta dubi fuskar da ke talabijin, ta dubi ta gabanta. Ta ce otal ɗinsu yana da hawa-hawa, kowane hawa da ɗakuna, kowane ɗaki da gadaje, kowane gado da zani da rigar filo, shin abin nan zai iya riƙe su a jere haka?

Wallahi tambayar kamar don shi aka yi ta. Ya saka hawa, ya saka ɗaki a cikin hawa, gado a cikin ɗaki, zani a kan gado, kuma abin ya zauna daram. Manaja ta gyara tabarau ta matso. Ta ce ba laifi. Na ga Anti ta saki numfashi. Da ya yi shiru a nan, da yanzu yana cikin sitonsa.

Amma an ce masa ba laifi, kuma a gaban jama'a. Ya buɗe hannuwa ya ce, ranki ya daɗe, wannan wasa ne. Uwar Akwati ba abin da ba za ta ɗauka ba. Otal ɗinku duka, shagon nan duka, garin nan in an ba shi dama.

Daga bakin ƙofa mai aski ya ce, cikin ladabi kamar mai neman ilimi, "Injiniya, ita kanta fa? Za ta iya ɗaukar kanta?"

Na girgiza wa Angama kai. Anti ta girgiza masa kai. Shi kansa na ga ya ɗan yi jim, domin wani abu daga kwas ɗin nan ya so ya taso masa. Amma a ce Angama ya furta "ba za ta iya ba" a gaban mai aski?

"An gama," ya ce. Ya kama linzamin kwamfutar ya jawo babbar akwatin shagon, ya sauke ta a cikin raminta.

Akwati ta buɗe a cikin akwati. Ta cikin ta duba nata ramin ta ga ita ma an ce ta ɗauki uwarta, ta buɗe wata. Waccan ma haka. Fuskokin Angama suka fara zubowa suna tafiya can ƙurya kamar mutum ya tsaya tsakanin madubai biyu na shagon aski. Kowacce kuma da gaisuwarta. Barka da zuwa, an gama, barka da, barka, an gama, an ga, an ga, har muryoyin suka hau kan juna suka koma kamar kasuwa ta kama da wuta. Firinta ta ji an buɗe sababbin kaya, ta shiga aman takardu, kowacce ta ce sitaci sosai.

Ya ce kowa ya kwantar da hankalinsa, gwaji ne. Ya danna rufewa.

Ka tabbata?

Ya danna e. Ka tabbata? Ya danna. Yana rufe ɗaya, goma na haihuwa. Zufa ta karyo masa ta jiƙa kwalar kwat. Masu jiran aski suka fara amsa wa kwamfutar baki ɗaya, duk sanda ta tambaya su ce ya tabbata. Baba Mai Guga ya fito da dutsen guga a hannu yana dariya har ya zauna a kan kwandon kaya.

Yaya ya taka a hankali ya zare waya daga bango. Babu abin da ya canza. Batirin ko-ta-kwana ya yi ɗan ƙara ya karɓi aiki, kamar yadda aka yi alkawari. Wannan ne kaɗai abin da Angama ya faɗa ya tabbata, kuma har ya buɗe baki zai nuna wa manaja hakan, ya haɗa ido da Anti ya rufe. A ƙarshe bargon wani mai kaya na ɗauko na lulluɓe sifikar, muryar ta ci gaba da gaishe mu daga ƙarƙashi kamar wanda aka danne da filo.

Manaja ta cire wata takarda da ta maƙale mata a takalmi, ta karanta, ta ajiye a tebur. Ta juya wurin Yaya ta ce ita abu ɗaya ya kawo ta: in ta aiko zannuwa da safe, ko ana ruwan sama, za ta same su a bushe da yamma? Yaya ya ce da injin busarwa na biyu, za ta samu. Ta ce to ya kafa shi ya kira ta. Ta yi wa Angama sannu da ƙoƙari, ta bi ta gefen tawul ɗin da har lokacin yake tsaye a bakin ƙofa, ta fita.

Anti ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ta shiga Hedkwata ta ɗauko kwanoninta, ta sa aka ɗora mata talabijin a tasi, ta tafi. Kwana da kwanaki ba ta leƙo shagon ba, in na kira ta sai ta ce tana aiki.

Inji ya iso a cikin wani ƙaton kwali da mutum zai iya tsayuwa a ciki. Aka fitar da teburin Angama, inji ya shiga sito. Da Yaya ya ce a kai kwalin bola, Angama ya riƙe shi ya ce a dakata. Ya ja shi lungun da ke tsakanin sito da wurin guga, ya yanka masa ƙofa da 'yar taga, ya tura tebur da kujera ciki, ya manna HEDKWATA a sama. Ya ce dama ofis na zamani ba ya son bango. Yaya ya dube shi, ya dubi kwalin, ya ce muddin bai tare hanya ba.

Can cikin mako sai ga Anti da abincin rana a kwanonin nan. Ta tsaya tana kallon kwalin, a cikin lungu, a cikin shago, da ƙafafun mijinta sun leƙo ta ƙasa. Yana jin muryarta ya yunƙura zai fito, Baba Mai Guga ya sa ƙafa ya tare ƙofar ya ce, "Ka tabbata?" Ya ce ya tabbata. Na ce aljihunka fa? Mai aski ya leƙo ta taga ya ce na hagu ko na dama? Har Yaya, da ban taɓa jin ya yi wasa a wurin aiki ba, ya wuce da kwandon zannuwan otal ya ce a tambayi safarsa ma.

Anti ta danne dariya ta sunkuya a 'yar tagar. Na matso na leƙa ta bayanta. A allon kwamfutarsa akwai akwati ɗaya, siririn baki gare ta, ba hoto, ramin tsakiya fili guda.

"Angama," ta ce a hankali, "an gama?"

Ya ɗago kai daga allon.

"Da saura," ya ce.

Anti ta miƙe ta dube ni, idonta ya kawo ruwa tana dariya. Ta ce tun da aka kai ta gidansa ba ta taɓa jin kalmar nan a bakinsa ba. Ta buɗe kwanonin ta miƙa masa ta taga ɗaya bayan ɗaya, ta ce ya ci a ciki, kada ya fito sai ya ƙarasa.